Sitiyarin da Baffa Ya Miƙar

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, bisa agogon motar da muka kawo gyara, wata Asabar cikin damina. Mu uku ne a bakin wani gareji a Ƙofar Ruwa: ni, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, da mahaifina, da wansa mai garejin, wanda muke kira Baffa. Har yau in na shaƙi warin baƙin mai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, can nake komawa, kuma sai raina ya ɓaci.

Mahaifina direban wani Alhaji ne mai sayar da atamfa. Shekara tara yana jan motarsa, ba a taɓa jin kansu ba. Kwana biyu kafin wannan Asabar, ruwan sama ya cika wani lungu a Mandawari har ya rufe bakin kwata, tayar gaba ta daki siminti. Tun daga nan mota tana tafiya a miƙe, sitiyari kuwa ya kwanta hagu.

Ka sani, mai karatu, wannan gyara yana da tsari. Da farko a duba iskar tayoyi. Na biyu, a hau shimfiɗaɗɗiyar kwalta a ga ko motar tana ja gefe. Na uku, a shiga ƙarƙashi a duba sandar ƙarfen da ke juya taya, wadda bakanikai ke ce wa tayarod; in ta lanƙwashe, a sake ta. Sannan a tsayar da sitiyari a tsakiya, a ja zare a jikin tayoyi, a riƙa murza sandunan biyu, ta hagu da ta dama, har tayoyin gaba su daidaita. Mahaifina ya san duk wannan.

Baffa ko durƙusawa bai yi ba. Ƙasa duk laka, shi kuma ya sha farar shadda za shi walima. Ya zura hannu ta taga, ya kwance babban notin tsakiya, ya zare sitiyarin, ya mayar da shi a miƙe, ya ɗaure. Ko minti biyar bai cika ba.

"Yaya, da an ɗan leƙa ƙasan," in ji mahaifina, kansa a sunkuye.

"Kai ne za ka koya mini aikina? Wa ya fara ɗora hannunka a kan sitiyari?"

"Allah ya huci zuciyarka."

Magana ta ƙare. A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa wansa zance. Ba ya kuma kai mota wani gareji, don kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa ya raina ɗan'uwansa.

Sitiyari dai ya miƙe, amma tayoyi suna nan a karkace yadda kwata ta bar su. Sababbi ne, watansu ɗaya. Kafin a yanke gero, gefen cikin tayoyin gaba ya cinye ya yi sumul. Alhaji ya shafa su da tafin hannunsa a ƙofar gidansa, a gaban 'yan majalisarsa, ya ce mahaifina ya sayar da sababbin ya ɗaura masa tsofaffi. Nan take ya karɓe mukulli.

Abu ɗaya ne zai wanke shi: Baffa ya je ya faɗi yadda aka yi. Mahaifiyata ta aika masa sau biyu. A na uku ta ɗauki mayafi ta tafi garejin da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ce mata, "Sitiyari aka kawo mini, kuma ya miƙe. Taya aikin falkaneza ce." Da mahaifina ya ji, ya hana a ƙara tayar da maganar. Ya gwammace a kira shi ɓarawo da a ce wansa ya yi ha'inci a aiki.

Direban da aka kora a kan taya ba ya samun wata mota a cikin birni, labari yana riga shi isa kowane zaure. Ya koma gadin wani sito a bayan Goron Dutse, a nan ya tsufa. Kowace Sallah Baffa yana zuwa gidanmu, a shimfiɗa masa darduma, in durƙusa in gaishe shi. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya tsaya a kan makara, ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a cewa ya yafe wa ƙanensa duniya da lahira. Shi ne ma mai yafewar.

Yanzu akwai na'ura mai auna tayoyi ta nuna karkata a allo, direba yana da abin nuna wa maigidansa. Da akwai ta a lokacin, da ita ta yi shaidar da ɗan'uwa ya ƙi yi. Malamai sun ce mini in yafe. Ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna.

Roƙona gare ka guda ne. In ka taɓa yin aikin da aka ɗora wa wani laifinsa, kuma mutumin yana da rai, kada ka jira jana'izarsa. Ka tashi yau ka je ka faɗa, a gaban waɗanda suka ji an zarge shi.