Dutsen da Ya Kwana Cikin Ruwa

Mahaifina bai taɓa ɗaura dutse a injin washi ba sai ya fara saurarensa. Zai zura igiya a ramin tsakiya, ya rataye dutsen a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma wuri huɗu. In ya yi ƙara garau kamar tasar ƙarfe, lafiyayye ne. In ya yi dum, to akwai tsaga a ciki ko da ido bai gani ba, sai ya farfasa shi da kansa don kada wani marar hankali ya tsinta. Da wannan kunne aka san shi a Haɗeja. Masu walda ma, da duk girman kansu, kawo masa nasu duwatsun suke yi ya ji musu.

Ni ne ɗansa na fari, kuma ka san yadda hakan yake a wajenmu. Shekara goma sha biyar muna aiki a rumfa ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, amma magana tsakaninmu ba ta wuce "miƙo" da "ga shi". Na kai talatin, da mata da 'ya'ya biyu, ban taɓa ce masa ba haka ba ne.

Na riga kowa sanin kunnensa ya fara tafiya. Sai a kira salla yana ta aiki, sai ya ga mutane sun miƙe tukuna ya ajiye. Ban faɗa wa kowa ba. In faɗa wa wa?

A farkon shekarun casa'in aka yi wata damina da kogi ya shigo mana har cikin rumfa. Sabon dutsen da muka ajiye a ƙarƙashin benci ya kwana uku rabinsa a ruwa. Ranar da nake kwashe kaya ya suɓuce daga hannuna, ya bugi ƙafar bencin. Na duba, ban ga komai ba. Na shanya shi a rana, na ja bakina na yi shiru.

Da lokacin yankan shinkafa ya zo, manoman Auyo suka cika mana rumfa da lauje, kowa na sauri kafin a ɗauke wuta. Tsohon dutsenmu kuwa ya cinye har ya kusa kai ƙarfe. Baba ya ɗauko sabon, ya rataye shi, ya ƙwanƙwasa. Na farko garau, na biyu garau. A na uku ya yi dum, wallahi kamar fasasshiyar tukunya. Na ji shi har cikin haƙorina.

Baba ya ɗago kai ya ce, "Lafiya lau."

Wani dattijo cikin manoman ya yi dariya ya ce, "Ai kunnen nan ba ya ƙarya."

Me zan ce? In buɗe baki a gaban baƙi in ce ubana ya kurmance, sannan in ƙara da cewa ni na yar da dutsen? Abin da na iya kawai shi ne, "Baba, ko in ɗaura?" Ya yi mini kallo ɗaya, na matsa.

Ya yi komai yadda ya saba. Ya yanko kwali ya sa gefe da gefe, ya mayar da farantan ƙarfe, ya ɗaure noti da sifana ba tare da ya matse shi da yawa ba. Ya juya dutsen da hannu yana kallon ko zai yi rawa. Ya kore mu gefe, ya kunna, ya bar shi yana gudu shi kaɗai. Ina tsaye ina salati a zuci. Dutsen bai yi komai ba, sai 'yar girgiza, har na fara ce wa kaina ni ne ban ji daidai ba. Tsabar tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Saura daidaita fuskar dutsen. Akwai wani ƙarfe mai haƙora da ake danna masa ya share tudu da kwari, kuma wannan aikin dole sai ka tsaya a gabansa. Murfin injin kuwa mun daɗe da cire shi, don lauje ba ya shiga da lanƙwasarsa in murfin na nan. Baba ya sunkuya, ya danna.

Ƙarar kamar ta bindiga. Dutsen ya fashe, ɓari ɗaya ya huda kwanon rufi ya fita, ɗayan ya same shi a fuska. Maƙwabcinmu mai walda, mutumin Filato, shi ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti, Baba a tsakiya, ni a baya ina riƙe da kansa, jini na bin hannun rigata. Idon hagu ya tafi, muƙamuƙi ya karye. Bai sake taka rumfar ba.

Sai da aka yi wata biyu kafin magana ta dawo masa sosai. Wata rana da hantsi na shiga gaishe shi a zaure, na durƙusa, zan tashi ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Ranar nan, da na ƙwanƙwasa, kai ka ji wani abu?"

Na ce ban ji ba, a hankali, kaina a ƙasa. Bai ji ni ba. Ya karkato da kunne ya ce, "Me ka ce?" Dole na matsa kusa na ɗaga murya, har matan cikin gida suna ji.

"Ban ji komai ba, Baba! Garau ya yi!"

Ya saki rigata, ya jingina da bango, ya yi ajiyar zuciya.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Da na ɗauka kunnena ne."