Saratu Mai Lalle da Rundunar Dodanni

Shekara talatin da wani abu Saratu ta yi tana zana wa amaren unguwar Umbadda da ke Omdurman, a Sudan, lalle. A Jazira aka haife ta, 'yar mai tsinkar auduga, aure ne ya kawo ta Omdurman. Hannunta ba ya rawa, bakinta kuma ba ya hutawa: tana zane tana kwaikwayon maganar uwar ango har amarya ta kusa ɓata lallen da dariya. Da ciwon baya ya hana ta duƙawa a kan ƙafafun mutane, sai ta koma zaman tsakar gida, ba aikin yi sai shan gahawa.

A lokacin ne Hazim, ɗan yayanta, ya dawo daga karatun injiniya a Maleshiya, ya sauka a gidanta da wani akwati da ba ya bari a taɓa. Ranar da ya buɗe shi, sai ga 'yan mutum-mutumi na roba, kowanne bai wuce babban yatsa ba: dodanni masu haure, mayaƙa cikin sulke, da wata mayya riƙe da sanda. Ya ce duk Asabar shi da abokansa suna jera su a kan tebur a Khartum, kowa da rundunarsa, a jefa ƙwayar lido a ga wanda zai ci yaƙi. Amma sai an yi musu fenti tukuna.

Saratu ta ɗauki ɗaya da ya riga ya fenta, ta jujjuya shi, ta tambaye shi ko dodon a miyar kuɓewa ya faɗa. Kafin ya ba ta amsa ta karɓe burushin. Ta ce ya yi kauri, ta sa almakashi ta rage shi har saura gashi kaɗan.

Cikin mako biyu rundunar Hazim ta zama abin kallo. Garkuwoyi suka samu furannin lalle, takubba suka yi ƙyalli. Shi dai murna yake yi, bai lura ba cewa dodon da ke gaba yana da gashin bakin mahaucin unguwa, na bayansa kuma hararar mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku.

Maƙwabciyarta Sittana ce ta fara tsegumi. Ta bi gida-gida tana cewa Saratu ta tsufa ta koma kiwon gumaka. Da Saratu ta ji, sai ta ɗauko mayyar nan ta yafa mata koren mayafi irin wanda Sittana ke sawa zuwa biki, ta ɗiga mata haƙorin zinari a gefen hagu, ta ƙara da tawadar Allah a ƙasan ido. Ta ajiye ta a kan taga ta bushe, daidai inda mai shigowa zai gani.

Washegari Sittana ta shigo aron turmi. Ta tsaya ta daɗe a gaban tagar. Hazim, wanda sai a lokacin ya gane abin da gwaggonsa ta aikata, ya fara laluben takalmansa zai fice. Sittana ta tare ƙofa.

"Kai Hazim, wannan matar, a yaƙin naku me take yi?"

Ya ce ita ce mafi ƙarfi a rundunar, da sandar nan tana iya ƙone mayaƙa goma sha biyu a tashi ɗaya. Sittana ta sake duban mayyar, ta gyara mayafinta.

"To, Saratu, mace mai irin wannan matsayi a bar ta hannu ba awarwaro?"

Aka zana mata awarwaro shida. Bayan kwana biyu Sittana ta dawo da hoton mijinta Yakubu, ta ce a nemo dodon da aka fi saurin kashewa a sa masa fuskarsa, don shekara uku ke nan yana alkawarin gyara rufin madafa. Daga nan matan layin suka gano hanya, kowacce da wanda take so a tura bakin daga. Maganar gumaka ta bi iska. Abokan Hazim ma suka daina kiran sunayen da ke cikin littafin wasan. A teburin Khartum sai ka ji ana cewa a yi hattara, Sittana ta zagayo ta hagu.

Wata Asabar ana tsakiyar yaƙi, abokin karawar Hazim ya ɗaga wani maharbi daga rundunar Hazim ɗin, ya duba kansa, ya miƙa wa na kusa da shi. Maharbin ya zagaye teburin, kowa na ƙunshe dariya. Da ya iso hannun Hazim, ya ga ɗan sanƙo a tsakar kan maharbin, an zana shi tsaf har da ƙyallin zufa. Wata shida yana ɓoye nasa a ƙarƙashin hula.

Ya dawo gida ya sami Saratu tana wanke burushi, ya ajiye maharbin a gabanta.

"Gwaggo, har da ni?"

Ta ce ai ta rage masa, na gaskiyar ya fi haka faɗi.