Haƙorin Makka da hoton jijiyoyin kai

Mun tashi da asuba daga Fakku, ni da goggona, a bayan babur. Ciwon kai ne ya sare ta farat ɗaya tana surfe, washegari fatar idonta na hagu ta sauko ta ƙi ɗaguwa. Likita a Tambuwal ya ce kada mu tsaya shafe-shafe, mu wuce Sakkwato a ɗauki hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarta da na'urar siti-sikan, don yana tsoron wata ta kumbura.

Damina ta ci hanyar Kebbe, sai ka rantse gadonta aka raba wa ramuka. A tashar Tambuwal kuɗin mota ya tashi, direba ya ɗora wa fetur laifi, muka shiga. Wajen Jabo gero ya fid da kai gwanin sha'awa. Masu ƙosai suka yanyame mota, amma an hana Goggo cin komai kafin hoton, ni ma kunya ta hana ni saye.

A asibiti aka fara gwada ƙodarta, saboda ruwan da za a ɗura mata a jijiyar hannu, wanda ke sa hanyoyin jini su fito sarai a hoto. Sai ma'aikaciyar ta ce a cire duk wani ƙarfe daga wuya zuwa sama. Goggo ta cire 'yan kunne, sannan ta rufe baki da hannu, ta miƙe.

"Ɗan ga, mu koma gida. Haƙorin ga na zinari, gero nis sai da, nit tafi Makka anka sa min. Da shi za a rufe ni."

Na san halin Goggo in ta kafe. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, wa ya isa ya taɓa shi? Kanki kawai za mu ɗan gyara yadda ba zai ɓata hoton ba." Jin an kira ta Hajiya ya sa ta kwanta. Na'urar kamar ƙaton zobe, in ji Goggo, da aka ɗura ruwan kuma ɗumi ya bi jikinta har tafin ƙafa.

Likita ya nuna mini jijiyoyin a allo kamar saiwar bishiya. A bayan idon hagu ga kumburi kamar ƙwayar wake. Bai fashe ba. Ya sa ranar aiki, ya ce mun zo a kan gaɓa.

Da la'asar muka juyo. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ciwon kan da ya zo farat ɗaya ba na man zafi ba ne, kuma tsoho lallashi yake so, ba gardama ba. Da muka hango rumbunan Fakku, Goggo ta tambaye ni:

"Ran aikin, kai za ka riƙe min hannu?"

Na ce in sha Allahu.