Sunan da Aka Ce Ya Yi Mata Nauyi

Yu Wagiyem, wato Yaya Wagiyem, ba ta taɓa yafe wa iyayenta sunan da suka sa mata ba. A ƙauyukanmu na tsakiyar Java kowace ranar kasuwa da sunanta. Ita ranar Wage aka haife ta, sai aka liƙa mata Wagiyem, kowa ya koma gonarsa. "Ko akuya an fi ɓata lokaci wajen raɗa mata suna," in ji ta, kuma ba da wasa take faɗa ba. Ni Poniyem ce, haihuwar ranar Pon, ban taɓa jin sunan ya rage min ko loma ɗaya ba. Ita kam abin ya tsaya mata a rai.

Tare muka tashi, tare gashinmu ya yi fari a kan tsanin gora muna ɗaure gwaibar mutane. Gwaiba tana kai girman babban yatsa sai a sa mata rigar leda ko ta tsohuwar jarida a ƙulle bakin, saboda ƙuda. Ba ƙudan bola nake nufi ba. Wani ɗan mitsitsi ne mai ƙugun zanzaro, fukafukansa garai-garai da zane baƙi kamar an sa musu lalle. Zai sauka yana rangwaɗa, ya soki gwaiba ya zuba ƙwai ya yi gaba. Ɗigo ɗaya za ka gani a waje, sai ka fasa ka tarar tsutsa ta gama da ciki. Na tsani ƙwaron nan, kyansa ma haushi yake ba ni.

Wagiyem ta daɗe a gidan mijinta Kang Sarju, wato Yaya Sarju, ba haihuwa, har mutane suka gaji da tambaya. Da Allah ya kawo 'ya mace, ranar suna ta ce a kira ta Retnaningsih, wato lu'ulu'un ƙauna. Tun tana budurwa ta ji sunan a bakin matar wani malamin makaranta, ta adana abinta. Muka dubi juna. Irin wannan suna na 'ya'yan manya ne, masu takalmi da laima, kuma kowa a nan ya san in suna ya fi ƙarfin yaro ciwo yake sa shi.

Surukarta, Mbah Tukinem, wato Kaka Tukinem, ba ta iya ɓoye magana ba. "Ke yarinya, buhun shinkafa kika ɗora wa jaririya a ka. Ubanta fa ɗan ƙwadago ne."

"Mbah, sunan ai ba saya na yi ba balle a ce na yi almubazzaranci."

Aka yi dariya aka ci shinkafa.

Yarinyar ta taso kyakkyawa, amma ba lafiya. In ta yi kuka leɓɓanta su koma shuɗi. Sa'o'inta suna guje-guje, ita taku kaɗan sai ta tsuguna tana haki. Likita a birni ya ce zuciya ce, da ita aka haife ta, ya ba da magani. Wagiyem takan goyo ta zuwa lambu, ta shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar da muke aiki. A nan ta ƙulla abota da ƙudajen. Sai ta kwanta shiru har ɗaya ya sauka a hannunta.

"Mbok, wa ya yi musu zane?" haka take tambayar uwarta. In na ɗaga hannu zan make ɗaya, sai ta fashe da kuka, dole na bar ɓarawon ya tafi.

In baƙo ya tambaye ta suna kuwa, sai ta gyara zama ta jero shi daki-daki, ta ƙara da cewa, "Lu'ulu'u ke nan." Wagiyem tana saman tsani, bakinta har kunne.

Daminar da yarinyar ta shiga shekara biyar jikin ya rikice. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Mbah Tukinem ta biyo mu har lambu da sandarta.

"Wagiyem, sauko. Gwaibar wasu kina rufe ta kar ƙuda ya gani, taki 'yar kin rataye ta a fili da suna mai walƙiya. Me kike jira? Sai an auna mata likkafani?"

"Likita ya ce zuciya ce, Mbah."

"To me ya danne zuciyar? Jikata ce, ba zan zuba ido ba."

Na so in tsani tsohuwar nan, na kasa, don hawaye take yi. Kang Sarju ma ya goyi bayan uwarsa, maƙwabta suka goyi bayansa. Wagiyem ta yi ta turjewa har ranar da yarinyar ta suma a hannunta. Washegari ita da kanta ta dama faten shinkafa fari da ja, wanda ake rabawa in za a sauya wa yaro suna. Liman ya yi addu'a, aka zagaya da kwanuka gida-gida ana sanarwa: daga yau Painem ce, haihuwar ranar Pahing. Aka ja wa kowa kunne kada tsohon sunan ya sake fita a bakinsa, in ba haka ba nauyin zai dawo.

Ba wanda ya yi shawara da mai sunan. In an kira Painem sai ta waiwaya ta ga wa ake nufi. Wagiyem ta kasa furta ko wanne, ta koma ce mata "Nduk" kawai, yadda ake kiran kowace yarinya.

Ina ɗakin da safiyar da abin ya faru, na kawo ruwan zafi. Yarinyar ta kama bakin zanen uwarta ta ce, "Mbok, kira ni da sunana mana."

Wagiyem ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta fasa. Tsoro ne ya kama ta, tsoron kada ita da bakinta ta mayar wa 'yarta ciwo. Ta shafa kanta ta ce, "Painem."

Yarinyar ta sake zanen, ta juya ta fuskanci bango. Kafin azahar, ta rasu.

Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma ban san wa zan kama ba. Kowa a gidan nan so yake ta rayu.

Kafinta ya zo da allon katakon da ake kafawa a kan kabari, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya. "Kang, wanne zan rubuta?" Sarju ya dubi uwarsa, uwarsa ta dubi ƙasa. Wagiyem ta fito daga ɗaki, idonta a bushe, ta tsaya a gaban kafintan.

"Rubuta Retnaningsih, kar ka rage ko harafi. Yanzu ai ba abin da zai ƙara yi mata nauyi."