Minti Arba'in a Gadon Malam Ashafa

A asibitin da Doose Iorhemba take aiki a Lafia akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai gado huɗu. Duk wanda aka kwantar a ciki, 'yan'uwansa sukan koma gindin mangwaro su fara kiran dangi na nesa a waya. Shekarar Doose goma sha ɗaya a ɗakin nan.

A wata gona bayan Kwandere aka haife ta, ita ce ta biyar a wajen mahaifinta, manomin doya ɗan ƙabilar Tibi. Tun tana ƙarama ita ake nema idan ƙaya ta karye a ƙafar wani, domin hannunta ba ya rawa, kuma kukan mutum ba ya sa ta sauri. Da haka ta shiga makarantar koyon jinya. Ta auri Sesugh, malamin firamare, suka haifi uku. Ranar Lahadin da ba ta da aiki tana waƙa a coci, kuma a nan kaɗai ake jin muryarta da ƙarfi. A asibiti kuwa, sai ta wuni ba ta yi magana goma ba.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne famfon insulin, maganin da ke saukar da suga. Idan ciwo ya yi tsanani, suga yakan hau a jinin mutum, ko da can yana da ciwon suga ko ba shi da shi. Allurar da ake yi a fata ba ta da tabbas ga wanda jini bai zagaya jikinsa sosai, sai a ɗura maganin a sirinji, a ɗora shi a wani ɗan inji, wato famfon, da ke tura shi cikin jijiya kaɗan-kaɗan. Kowace awa sai an huda yatsa an auna, a ƙara gudun injin ko a rage. Duk wanda aka turo ɗakin sabo, Doose takan gaya masa magana ɗaya: "Sugan da ya hau, za ka gan shi yana zuwa. Wanda ya faɗi, ba ya sallama."

A watan Maris na wata shekara, lokacin da zafi ya kai mutum ya ji kamar ya cire fatarsa, aka kawo Malam Ashafa, aka kwantar da shi a gado na biyu. Maƙeri ne a kasuwar Lafia, kakansa ya zo daga Kano da uwar maƙera a kan jaki, kuma garmarsa ce manoman doya suka fi nema. Wani tsinken ƙarfe ne ya shige masa tafin ƙafa. Bai ji zafi ba, ya ci gaba da aikinsa har mako uku. Da matarsa Hajiya Bilqis ta kawo shi, ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana wari, shi kuma bai san wanda ke kansa ba.

Doose ta huda yatsarsa. Na'urar awon suga ta ƙi nuna lamba, alamar abin ya wuce inda take iya ƙirgawa. Likita Abdulhakeem, wanda ke kula da ɗakin, ya dubi sakamakon da ya dawo daga ɗakin gwaji, ya ce, "Sugan ya haura talatin. Ƙwayar cuta ta shiga jini. A fara da ƙarin ruwa, sannan insulin. Sista, a hankali za mu sauko da shi. Tsakanin takwas da goma nake so, kada ya yi ƙasa da haka."

Yatsun maƙeri sun yi kanta, allura ba ta shiga sai ta gefe. Doose ta bi su ɗaya bayan ɗaya, awa bayan awa. Ashirin da shida. Ashirin da ɗaya. Sha bakwai. A rana ta biyu aka yi masa aiki a ƙafar, aka zura masa roba ta hanci ana ba shi abincin ruwa, aka daidaita gudun insulin da abin da ke shiga cikinsa. Hajiya Bilqis ba ta bar bakin ƙofa ba. Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar, nan take tsayawa da carbinta, idan Doose ta fito sai ta ce, "Sista, nawa?" Ba ta san ma'anar lambobin ba, amma ta gane cewa tara ta fi sha biyar kyau.

Rana ta uku, bayan an sauko daga Azahar, Malam Ashafa ya fara mutsu-mutsu yana fisge-fisge, sai ga amai. Doose ta juya shi gefe, ta share masa baki, ta rufe robar abincin don kada ya shaƙe. Ta san abin da ke biye: tunda abinci ya tsaya, dole a rage insulin. Ta miƙa hannu wajen injin ke nan, sai ƙararrawar gado na huɗu ta ɗauka.

Wata mata ce da aka yi wa aikin haihuwa, zuciyarta ta tsaya. Su biyu ne kawai nas a ɗakin. Likita ya shigo a guje yana kiran sunan Doose. Ta hau gefen gadon ta shiga danna ƙirjin matar, gumi na zuba mata a ido, suna karɓa-karɓa, ana allura, ana duba allon bugun zuciya. Minti arba'in suka yi. Daga ƙarshe likita ya dubi agogo, ya faɗi lokaci, ya cire safar hannunsa. Doose ta ja mayafi ta rufe fuskar matar.

Ta fito neman waɗanda za su ɗauki gawar, sai Hajiya Bilqis ta tare ta, fuskarta a sake, karo na farko cikin kwana uku.

"Sista, alhamdu lillahi. Kin ga Malam ya samu barci. Ya daina fisge-fisgen nan, ga gumi ya keto masa. Ai zazzaɓin ne ya sauka, ko?"

Doose ta juya ciki da sauri, ta nufi gadonsa.

Yana kwance shiru, kamar wanda aka yi wa wanka ba a goge ba. Ta taɓa goshinsa, sanyi ƙalau. Injin yana nan yana aikinsa, ɗan koren hasken yana ƙiftawa, yana tura maganin a gudun da aka saita wa mai cin abinci. Ta kashe shi. Ta huda yatsa. Daƙiƙa biyar ɗin da na'urar ke ɗauka sun yi mata tsawo. Ɗaya da ɗigo tara.

"Dokta! Gado na biyu!"

Ta zuƙo ruwan gulukos, wato ruwan suga mai kauri, a babban sirinji, ta tura masa a jijiya. Bayan minti goma sha biyar sugan ya koma biyar, daga baya ya kai takwas. Amma Malam Ashafa bai motsa ba. Ta ɗaga fatar idonsa, ta kira sunansa a kunne, ta matsa farcensa. Shiru kake ji.

Da likita ya tambayi yadda aka yi, ba ta yi kwana-kwana ba. "Ni na rufe abinci. Ban rage famfo ba." Haka ta rubuta a takarda, da lokaci da komai, ta sa hannu. Sannan ta fita wajen Hajiya Bilqis ta zauna kusa da ita a benci, ta faɗa mata da Hausarta ta kasuwa, ba ta rage komai ba.

Hajiya ta ce, "To da kin tsaya kansa, waccan baiwar Allah fa? Ai ita ma rai ce. Kin dai ceto ta."

"Ta rasu, Hajiya."

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

Sai da Malam Ashafa ya kwana shida sannan ya buɗe ido. An cire masa yatsun ƙafa uku, ciwon ya warke, aka sallame shi ana ta barka. Amma maganarsa ta yi nauyi. Da ya koma maƙera, sai ya sa ƙarfe a wuta ya zauna yana kallonsa har ya ƙone, masaba na hannunsa. Ƙannensa suka karɓi aikin, suka ajiye masa kujera a inuwa. Likita Abdulhakeem ya gaya wa Doose fiye da sau ɗaya cewa cutar jini irin wannan ita kaɗai tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma babu gwajin da zai nuna wanne ne ya yi ɓarnar. Ta ce ta ji.

Ba ta bar ɗakin ba, ko da aka yi mata tayin komawa sashen awon ciki. Ta daina waƙa a coci wajen wata biyar, Sesugh bai tambaye ta dalili ba. Ita ta kawo dokar da ake bi a ɗakin yanzu: jan filasta a makullin robar abinci, wani a jikin injin, duk hannun da ya taɓa ɗaya sai ya taɓa ɗayan kafin ya ɗaga, ko da wuta ce ta kama.

Duk farkon wata Hajiya Bilqis takan kawo Malam Ashafa ganin likitan suga. Hanyarsu ta baranda ce, kuma sau da yawa sukan haɗu da Doose. Matan biyu sukan gaisa, su tambayi yara. Shi kuwa sai ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya ƙura mata ido.

"Baiwar Allah, a ina na san ki?"

"A nan asibiti, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah Ya yi albarka." Hajiya ta kama hannunsa su wuce. Wata mai zuwa ya sake tambaya.