Majo Tani, wadda ba ta yarda da "da sauƙi"

Kafin rana ta yi ƙarfi, Majo Tani, babbar ma'aikaciyar jinya, ta riga ta iso gidan likita na Cadakori. Ba buro, wato ofishinta, take fara shiga ba. Rumfar da marasa lafiya ke jira take tsayawa, ta gaida kowa, tana duba yadda kowa ya zauna: wa ya jingina, wa ya dafe kwiɓi, wa ya kasa tanƙwashe ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki na jinya, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Na san ba wanda zai tara mata makaɗa. Shi ya sa ni Labo, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, wanda har yau ake ce ma Mushe, na ce bari in yi nawa da alƙalami.

Mu dai mutane ne masu wani hali. Je ka gaida mutum yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Ko ƙafa aka yanke masa jiya, da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau, ban musa ba, amma wallahi ta cuci mutane da yawa a gaban likita. Majo Tani ta daɗe da gano haka. In ta gama gaisuwa sai ta matso ta ce, "Asubar yau a tsaye kika yi ta, ko a zaune?" Ba mai yin ƙarya a kan salla. Daga amsar take sanin inda ciwo ya kai.

Garzali mai kabu-kabu, wanda ke kai ta ƙauyuka duk ranar Alhamis bayan la'asar, ya ce mini gidajen da take zuwa duk na waɗanda aka sallamo daga birni ne, aka ce da danginsu su je a ci gaba da addu'a. Ya ce, "Mushe, ni a ƙofar gida nake tsayawa, ba ni iya jin nishin. Ita ko sai ta shiga ta zauna bakin tabarma."

Ɗaya daga cikin gidajen nan na yayata ne, Ummuhani, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ciwon daji ya kama ta a nono, ya gangara ƙashin baya. Mun kai ta birni. Lokotoro, wato babban likita, ya tambaye ta ya jiki, ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Ya rubuta mata maganin da ake ba mai ciwon kai, muka dawo. Ba ta kuka, ba ta ihu, sai dai ka ga ta ciji gefen mayafi zufa na zuba.

Ranar da Majo Tani ta fara zuwa, ta yi mata tambayar nan tata. Yaya ta ce, "Tani, ni ba mutuwa nika tsoro ba. Wata huɗu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. A kwance nika salla, da kai kawai."

Majo Tani ta fito ta ce mini akwai magani mai ƙarfi, morfin, amma ita ba ta da ikon rubuta shi. Sai lokotoro, a kan takarda ta musamman, kuma sai a birni. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na saka babbar rigata na tafi ni kaɗai. Lokotoro ya ce sai ya ga marar lafiya, matar da ko amalanke ba ta iya hawa. Na shiga wani farmasi na tambayi sunan maganin. Mai wurin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, har da kai?" Ni! Da furfurata, da shekara talatin ina riƙe da alli, ya ɗauke ni ɗan ƙwaya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Matasa sun lalace da tiramol, gaskiya ne, amma sai aka huce a kan mai ciwon gaske. Wanda ke son maye yana samu a kasuwa ko wace rana, wadda ƙashinta ke ci da wuta kuwa an ce ta kawo takarda.

Da na dawo na ce zan sayo na kasuwar kawai. Majo Tani ta ce, "Mushe Labo, kul! Ba ka san abin da aka dama a ciki ba. Laraba mu koma tare."

Muka koma. Muka zauna bakin ƙofar lokotoro tun hantsi har aka kira azahar. Da muka shiga ya buɗe takardun Yaya ya ce, "Ai ita da bakinta ta ce mini da sauƙi." Majo Tani ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Lokotoro, don Allah, in ka kira mahaifiyarka ka ce ya jiki, mi take ce maka?" Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce, "Matar nan wata huɗu a kwance take salla. Ni na gani, ni zan riƙa ba ta da hannuna, ni zan riƙa kiranka." Sai ya jawo takardar ya rubuta. Farmasi uku muka zaga kafin mu samu.

Ka ce an gama? Ina! Yaya ta ce ba ta sha. Wai ciwo kankarar zunubi ne, kuma ba za ta gamu da Ubangijinta a buge ba. Na fara faɗa, Majo Tani ta ce in fita. Ta bakin ƙofa na ji tana cewa, "Yaya, wanda ya saukar da cutar shi ya saukar da maganin. Haƙurinki an gani. Ba maye zan sa ki ba, so nike ki tashi zaune." Ta sha.

Majo Tani, ke ce kika mayar mini da yayata. Maganin bai warkar da ita ba, kuma ba ki taɓa ce mana zai warkar ba. Amma ta yi barci, ta sha fura, ta zauna ta yi wa jikokinta tsiya, har ni ta ce rigata ta yi mini yawa kamar ta aro. Duk lokacin da kwalba ta kusa ƙarewa, ke kike sake bin hanyar birni, a ranar hutunki. Uwar marasa gata, Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma masu farar riga da za ku gaje ta, ga hanya an share muku. In mai ciwo ya zo, ku zauna ku saurare shi kafin ku zarge shi.

Saura abu ɗaya, kuma laifina ne. Sati bakwai Yaya ta yi bayan fara maganin. Ana saura kwana biyu ta rasu, da azahar, ta sa aka riƙe ta, ta durƙusa a hankali, ta yi sujada. Da ta ɗago ta kira ni ta ba ni saƙo in kai miki. Shekara biyu ke nan muna haɗuwa a hanya, in na buɗe baki sai in ɓuge da tambayarki ya aiki. Ki yafe mini. Cewa ta yi, "Ka gaya ma Tani goshina ya taɓa ƙasa."