Hamani da Tsinken Asibi

Duk Geza an san Hamani da dauriyar tsiya. Yana saurayi kunama ta harbe shi a gonar shinkafa, ya ci gaba da yanka kamar sauro ne ya taɓa shi. Shekara ashirin yana kabu-kabu da babur, yana kai buhunan albasa har bakin iyakar Benin, ba wanda ya taɓa jin kokensa. Matarsa Asibi takan ce ita dai kututture ta aura, amma a taɓa mata kututturen a ga tashin hankali.

To, bara babur ya kayar da shi, ƙarfe ya yanke masa jijiya a hannun dama, hannun jan totur. Raunin ya warke, amma yatsu uku suka mutu murus, ko garwashi ya dafa ba ya ji. Likitan da ya ɗinke jijiyar ya ce wa Asibi jijiya a hankali take tsirowa, da ƙyar take yin tsawon ƙwayar gero a rana. Ya ce ta riƙa tsikarar yatsun kullum da safe. Ran da ya ji zafi, hannu ya kamo hanya. In wata shida ya cika shiru, sai haƙuri, shi da babur har abada.

Baiwar Allah ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Ta karyo tsinken tsintsiya, ta tsikara, ta tsura masa ido. Gogan naka sai kallon bango.

Ran da wata shida ya cika, ta tsikara, shiru. Ta yar da tsinken, ta rufe fuska da zane, ta fashe da kuka.

Hamani ya rikice, ya kama sosa ƙeya. "Asibi, bari kuka. Ai da zahi. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kamar ana zuba min yajin tonka."

Ta ɗago a hankali. "Maigida, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Haba! Ƙato kamar ni ya ce tsinke ya yi mai ciwo?"

Kai, jama'a! Kwana goma sha biyu tana kasa cin tuwo a banza! Ta lalubo tsinken, ta cafko yatsan tsakiya, ta danna da iya ƙarfinta.

"Hwaɗi in ji da kunnena!"

Ya kwarma ihu har awaki suka watse. Asibi ta rungume hannun a ƙirjinta, tana dariya hawaye na zuba, ta ce ya ƙara.